A Sauke Mutum Ɗaya

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: Yaya, sai ni, sai Auta. Ni tela ce, kuma tun ina yarinya ake ce mini Barkono a gida, sunan da ban taɓa wahalar da kaina wajen goge shi ba. Auta na da shagon takalma a bakin layinmu. Yaya kuwa tsohon matuƙin jirgin soja ne, helikwafta, wanda ake kira mai saukar ungulu. In ka gan shi yau ba za ka ce ya taɓa hawa ko tsani ba. Gajeren dattijo ne mai tabarau, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, in ya zo tsallaka titi sai ya yi ta duba hagu da dama har masu babur su gaji su ba shi hanya.

Kullum da safe shi ke zuwa ya ɗaga wa Auta ƙofar shago, ya fito da benci, ya jera kwalayen takalma inda hannu zai kai, ya tambaye shi ya ƙafa. Ƙafar Auta ɗaya ce, ya baro ɗayar a wurin yaƙi. Shi da kansa yakan ce an dai ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ba a yi maganar ƙafa ba. Yakan kuma ce duk layin nan shi kaɗai ne mai takalman da ba zai cinye kayansa ba, don ko ya ɗauki wari ɗaya, ɗayan na nan zai tona masa asiri. Kowa sai ya yi dariya, ban da Yaya. Shi sai ya sunkuyar da kai, ya gyara kwalin da ba ya bukatar gyara, ya ce, "To, bari in ƙarasa," ya yi gaba. Ba ya zama ko na shan shayi.

Maƙwabta suna ta sa masa albarka, wai su ba su taɓa ganin zumunci irin wannan ba. Ni kuwa in na ji haka raina ne ke ɓaci, domin na san abin da ba su sani ba. Shekara da shekaru Yaya bai kalli Auta cikin ido ba. Mutane biyun da suka taso ɗaki ɗaya, suna kokawa a kan bargo ɗaya, sun koma kamar mai gida da baƙon da ake jin nauyinsa. Auta ya sha zuwa shagona ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki ya ce, "Barkono, wai me na yi wa Yaya? Ƙafa ta tafi na haƙura. Amma mutum yana raye a gabanka ka rasa shi?" Sai in taka keken ɗinki da ƙarfi in yi kamar ban ji ba.

Yaya bai taso da son jirgi ba. Malamin lissafi yake so ya zama, kuma shi ne yaron da lilo ke sa shi jiri. Da yaƙi ya ɓarke aka bi makarantu ana neman samari masu kan lissafi da lafiyar ido. Ya tafi da niyyar a ba shi aikin ofis, sai ga shi a makarantar tuƙi, a hannun wani malami da suke kira Tsohon Zakara, saboda muryarsa ce ke tashinsu daga barci ko ba su so.

Abin da aka fara koya masa ba tafiya ba ne, tsayawa ne. Wai ka ɗaga jirgin kamar tsayin mutum daga ƙasa, ka tsayar da shi cak a wuri ɗaya. Na ce masa wannan ai ko ni zan iya. Lokacin ya zo hutu ne, muna tsakar gida, sai ya jawo kujera ya zauna, ya kafa tsintsiya a tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe laima a hannun hagu, ya ajiye silifa biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya ce tsintsiyar nan ita ke karkata jirgi gaba da baya, hagu da dama. Laimar nan in ka ja ta sama jirgi ya tashi, in ka sauke ta ya sauka. Silifan nan su ke hana jirgin jujjuyawa kamar fanka. Matsalar ita ce da ka taɓa ɗaya sai sauran biyun su lalace, kana gyara su kuma na farkon ya ƙwace. Auta ya karɓi kujerar, Yaya na tsaye a kansa yana kwaikwayon muryar Tsohon Zakara, "Ka kashe mu! Ka kashe mu!" Suka yi ta dariya har Inna ta fito daga ɗaki tana tambayar wa ya ɗaukar mata tsintsiya.

A fili dai abin ba na dariya ba ne. An ba shi fili mai faɗin filin ƙwallo, ya kasa zama a cikinsa. Jirgin ya yi gaba, ya yi baya, ya yi lilo, ma'aikatan ƙasa suna can nesa suna tafa masa don tsokana. Tsoro ke sa shi damƙe sandar tuƙi har yatsunsa su yi fari, ita kuwa sandar ba ta son damƙa. Rannan Tsohon Zakara ya ciro fensir daga aljihu ya saƙala masa a tsakanin yatsu, yadda in ya matse hannu fensirin zai danne masa ƙashi. Ya ce, "Ba jaki kake ja ba. Riƙe ta da yatsu uku, ka yi tunanin inda kake son zuwa, ita za ta ji." Yaya ya karya fensir ba adadi, har abokansa suka riƙa ɓoye nasu in sun hango shi. Wata safiya kawai, ba tare da ya san abin da ya canza ba, jirgin ya tsaya. Ya duba gefe ya ga malamin ya naɗe hannuwa a ƙirji yana hamma.

Daga nan aka shiga kashe masa inji. Suna tafiya a sama lafiya lau, ana hira, sai Tsohon Zakara ya murɗe mai ba gargaɗi ya ce, "Inji ya mutu. Ina za ka sauke mu?" Dole ya zama ka riga ka zaɓi fili tun kafin a tambaye ka. Wannan ɗabi'a har yau ba ta bar Yaya ba. In kuna tafiya a mota za ka ga idonsa na bin gonaki da filayen makarantu, yana gyaɗa kai shi kaɗai. Matarsa ta ce ta taɓa tambayarsa me yake kallo, ya ce wancan filin da kyau, amma akwai wayar lantarki a gefe.

Abu biyu Tsohon Zakara ya fi dasa musu. Na farko, zafin rana yana sa iska ta yi sako-sako, farfela ba ta samun abin kamawa, don haka kayan da jirgi ya ɗauka da sanyin safiya ba zai ɗauke su da tsakar rana ba. Akwai allura a gaban matuƙi mai nuna ƙarfin da inji ke bayarwa, da jan layi a ƙarshenta. In allura ta taɓa ja jirgi bai tashi ba, to babu roƙo, babu jarumta, sai a rage kaya. Na biyu, matuƙi ba ya waiwaye. In jirgi na ƙasa farfela na juyawa, hannuwanka biyu da ƙafafunka biyu duk suna bakin aiki, kai kuwa in ya juya hannu na bin sa. Bayan jirgi na mai magani ne, wato sojan da ke kula da masu rauni, shi ke loda mutane, shi ke sauke su, shi zai gaya maka ta wayar kunne an gama. Duk ɗalibin da ya juya kai, malamin zai ƙwanƙwashe masa hular kwano da sanda har kunnensa ya yi ƙara. Yaya ɗalibi ne mai biyayya. Sau ɗaya aka ƙwanƙwashe shi, bai sake ba.

Kafin ya gama makaranta Auta ma ya shiga soja, amma na ƙasa, masu bindiga da jaka a baya. Ranar da Yaya zai tafi bakin daga Inna ta riƙe masa hannun riga a ƙofar gida ta ce, "Kai da kake sama kana ganin komai, ka riƙa duba ƙaninka." A tunaninta in mutum na sama yana hango kowa, kamar mai leƙen tsakar gida daga kan bene. Bai gyara mata ba, ya ce to.

Yaya ba mai ba da labarin yaƙi ba ne. Abin da na sani na tsinta ne guntu-guntu, in ya kawo wando a rage masa tsawo ya zauna jira. Ya ce yawancin aikin ba irin na fim ba ne. Ɗauki ruwa ka kai kan dutse, ɗauki buhunan abinci da akwatunan harsashi, ɗauki wasiƙu, ka dawo da waɗanda aka ji wa rauni. Bai taɓa harba bindiga a kan kowa ba. Ranar da aka fara harbinsu bai ma gane ba, ya ji kamar yara na jifan rufin kwano da tsakuwa, sai da suka sauka makanike ya riƙa zura yatsa a ramuka yana ƙirgawa. Suka liƙe su da faci aka koma aiki. Da yamma kuma kowa na ɗaukar bokiti a wanke bayan jirgi, har shi matuƙin, don ƙudaje ba sa jiran umarni.

Mai maganin jirginsu wani ne da ake kira Dogo. Tsayinsa ya sa kullum a duƙe yake cikin jirgi, har in ya fito ma sai ya jima kafin ya tuna ya miƙe. Yaya ya ce muryar Dogo ita ce idonsa na baya. "An loda, yallaɓai." "Wutsiya ba komai, yallaɓai." "Bishiya a dama, matsa hagu kaɗan." Akwai ranar da suka kwaso mutanen wani ƙauye, wata mata ta haihu a sama. Dogo ya ce, "Yallaɓai, mun tashi da nauyi kaza, yanzu an ƙaru." Yaya ya ji kukan jaririn ta wayar kunne, bai waiwaya ba, har suka sauka aka wuce da su bai ga fuskar uwar ko ta ɗan ba. Ya ce mutanen da ya ɗauka a yaƙin nan sun cika unguwa, amma ko ɗaya ba zai gane a hanya ba.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana aka kira su. Wata runduna ce aka rutsa a kan tudu, suna da masu rauni. Wurin sauka ɗan fili ne da sojojin suka sare da adda, duwatsu ta ko'ina, ga gangara, har sai da ya dafa ƙafar jirgi ɗaya a ƙasa ya riƙe ɗayar a iska. Zafi kamar a bakin murhu. Ana harbi daga ƙasan tudun, ba sosai ba, amma ana yi. Yana jin jirgin na nutsewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka ɗora mutum, yana gyarawa da yatsu. Dogo ya ce an loda. Yaya ya ja sandar hagu a hankali. Jirgin ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, allura ta hau ja, farfela ta fara sauya murya, ya mai da shi ƙasa. Ya sake gwadawa, haka.

Ya ce, "Dogo, mun yi nauyi. A sauke mutum ɗaya. Zan dawo in ɗauke shi."

Dokar a nan sananniya ce, wanda rauninsa ya fi sauƙi shi ke jira. Ya ji shiru a wayar kunne na ɗan lokaci, fiye da yadda Dogo ya saba. Sannan ya ji jirgin ya yi ɗan sauƙi ta gefen dama. Dogo ya ce, "An sauke, yallaɓai." Ya ja, allura ta tsaya gab da ja, suka zame ta gefen gangara suka kama iska. Duk waɗanda ke ciki sun isa asibiti da rai.

Bai koma ba. Da suka sauka makanike ya nuna masa mai na zuba, harsashi ya huda bututu, jirgin ba zai sake tashi a ranar ba. Ya bi sauran matuƙa yana roƙo, duk suna da nasu kiran. Kafin a samu jirgi hadari ya rufe tsaunukan, aka yi ta ruwa, sai bayan kwanaki aka iya kwaso waɗanda suka rage. Raunin da ke da sauƙi a ranar, ɗan ƙarfe ne a ƙwauri, ya kwana ya wuni cikin laka har ya ruɓe.

Yaya mutum ne mai cika alkawari har ya ba ka haushi. Tunda ya ce zai dawo bai dawo ba, sai ya ga wajibi ne ya je ya ba mutumin haƙuri. Ya ce Dogo ya raka shi, Dogo ya ce yana da aiki. Ya sake nema, Dogo ya ce ciwon kai yake. Sai ya tafi asibitin sojoji shi kaɗai, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ina wanda aka sauke daga jirgi a kan tudu kaza. Ta nuna masa gadon da ke jikin taga. Ya je ya tarar da Auta yana barci, bakinsa a buɗe kamar yadda yake yi tun yana yaro, zanen gadon ya kwanta shafal daga gwiwar dama zuwa ƙasa. Ya juya ya fita kafin Auta ya farka. Washegari ya dawo da lemo a leda, ya yi kamar yanzu labari ya iske shi.

Ya tare Dogo, Dogo ya ce, "Yallaɓai, ka ce a sauke ɗaya, an sauke ɗaya." Bai ƙara ko kalma ba, kuma ba a jima ba aka mai da shi wata runduna, suka rabu ke nan. Auta kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce jirgi ne bai zo da wuri ba saboda ruwa. Bai taɓa cewa an ɗora shi an sauke ba. Yaya ya rasa yadda zai fassara wannan shirun. Ko dai Auta bai san jirgin wa ya hau ba, ko ya sani ya haɗiye. Tambayar ce ya kasa yi, sai ya kama hidima.

Bayan yaƙi ya yi ɗan aiki yana koyar da sababbin matuƙa, sannan ido ya fara ba shi matsala ya ajiye. Shi ya nemo wa Auta shago, shi ya kai shi aka auna masa ƙafar roba, shi ke kai 'ya'yansa makaranta. Inna ta rasu tana sa masa albarka, tana cewa ya riƙe amanar da ta ba shi. Bayan rasuwarta ne ya zo shagona wata rana da hantsi, bai kawo ɗinkin wando ko riga ba, ya zauna ya gaya mini komai yana kallon tsummokaran da ke ƙasa. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Na yi, amma na gaya masa gaskiya cewa wannan wauta ce, kuma na ci gaba da gaya masa duk lokacin da na samu dama.

A bana likita ya ce zuciyarsa na bukatar aikin tiyata, aka sa rana. Ana jibi za a kwantar da shi ya zo shagona da yamma, ya zauna a kujerar nan dai, ya share tabarau ya mayar.

Ya ce, "Barkono, in ban fito ba, ki gaya wa Auta. Ki ce ya yafe mini."

Na ajiye almakashi. Na ce, "Yaya, da girmanka da komai, ni ba 'yar aikenka ba ce. Ka mutu ka huta, ni ka bar ni da kallon fuskarsa? Wallahi ba da ni ba."

"Ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Ka iya sauke jirgi a kan dutse ana harbinka, ka kasa tsallaka layi? Tashi."

Na rufe shago na sa shi gaba. Muka tarar da Auta ya cire ƙafar roba ya jingine ta da bango yana shan iska, ba mai saye ko ɗaya. Ya dube mu ya ce, "Lafiya? Barkono, wa kika kamo ya ci miki bashin ɗinki?" Na jawo benci na ce Yaya ya zauna. Ya zauna a bakin bencin kamar mai jiran allura. Na ce, "Yaya na da magana." Yaya ya kama gyara kwalin da ke kusa da shi. Na ga in na biye masa za mu kwana a nan, sai na ce, "Auta, jirgin da aka sauke ka daga ciki a kan tudu, shi ke tuƙa shi. Shi ya ce a sauke mutum ɗaya. Ya sani tun kana asibiti. Abin da ke cinsa ke nan."

Auta bai razana ba. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya sosa kan dungulmin ƙafarsa.

Ya ce wa Yaya, "Dogo ne ya gaya maka? Na ce masa in ya faɗa ban yafe ba."

Yaya ya ɗago kai. "Ka sani?"

"Haba Yaya. Ƙeyarka fa na gani a ƙarƙashin hula. Shekara nawa na yi a bayan kekenka zuwa makaranta, ba abin da nake kallo sai ƙeyar nan? Ana ɗora ni na gane ka. Har na buɗe baki zan kira ka, Dogo ya toshe mini baki ya ce ba a kiran matuƙi."

"Sai ya zaɓe ka."

"Bai zaɓe ni ba. Da jirgi ya ƙi tashi na ga yana dube-dube, ya dubi ƙafata, ya dubi wani yaro da aka harba a kafaɗa, ya rasa yadda zai yi, don na riga na gaya masa kai yayana ne. Ni na ja jiki na sauka da kaina."

Na zaci Yaya zai ji sanyi. Sai na ga ya girgiza kai. Ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ba ka gane ba, Auta. Ba rashin sanin ne ke damuna ba. Na yi ta tambayar kaina, da na waiwaya na ga kai ne, me zan yi? Na juya ta ta kowace fuska. Allura na kan ja, ga mutane a kwance suna zubar da jini. Da na gan ka ma, cewa zan yi ka sauka. Wannan ne na kasa kallonka da shi."

Auta ya yi ɗan murmushi, amma idonsa ya ciko.

Ya ce, "Na sani mana. Ai na san wanda ya rene ni. Shi ya sa na yi sauri na sauka, don kada sai ka faɗa da bakinka."

Yaya ya cire tabarau. Ya kalli ƙaninsa, kallo na sosai, ya daɗe bai kawar da kai ba, hawaye na bin fuskarsa bai share ba. Ni da ake ce wa Barkono sai na juya ina karanta lambobin da ke jikin kwalaye.

Can Auta ya ja hanci ya ce, "Ƙafa ɗaya na bayar don in rage maka kaya, ashe kai ka ɗauke ta kana ta yawo da ita duk shekarun nan. Matso ciki, rana na dukanka."

Yaya ya matsa tsakiyar bencin. Wata mata ta leƙo tana tambayar takalmin makaranta na yara, na ce mata an tashi, ta dawo gobe.